Octave da Maxima: manhajar kyauta za mu ce ko 'yantacciya?

Jama'a, akwai kalmar da nake so mu tsayar da magana a kanta. Ɗaliban injiniya kullum suna cigiyar abin da zai maye musu MATLAB, manhajar lissafin injiniya, tunda lasisinsa sai da kuɗi. Ana nuna musu Octave da Scilab da Maxima, a ce ai "manhajar kyauta" ce, wato fassarar "free software". Ni dai sunan bai kwanta mini ba.

Kalmar Turancin harshen damo gare ta: tana nufin ba biya, tana kuma nufin ba takunkumi. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU na gina irin waɗannan manhajoji a 1983, na biyun yake nufi: ka yi aiki da manhajar yadda ka ga dama, ka leƙa cikinta, ka gyara, ka ba wani. Lasisin GPL, wanda GNU ke sakin manhajoji a ƙarƙashinsa, bai ma hana ka sayar da ita ba. To ina kyauta a nan?

Ku dubi Maxima. Asalinta Macsyma ce, wadda aka fara a jami'ar MIT a 1968. Sai a 1998 William Schelter ya samu izinin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya sake ta ƙarƙashin GPL. Yau ɗalibi mai neman amsar lissafin kalkulas zai rubuta diff(x^3,x); ta ba shi 3*x^2, in kuma wata amsa ta ba shi shakka, yana da damar buɗe rubutun da aka gina ta da shi ya bi sawun lissafin. Haka Octave: ka rubuta A\b ta warware maka jerin lissafi kamar yadda MATLAB ke yi, yawancin fayilolin MATLAB (masu ƙarewa da .m) ma suna tafiya a kanta, sai dai ba ta da Simulink, sashen MATLAB da ake zana tsarin na'ura a gwada aikinsa. Mai neman irin wannan sai ya nufi Xcos na cikin Scilab.

Kyauta kuwa tana hannun mai bayarwa. Lasisin da jami'a ke raba wa ɗalibai kyauta ne, amma da ka gama karatu aka rufe asusunka, shi ke nan.

Wani ya kawo "ta bati". A'a. Wannan har kwafin sata ya shiga ciki. Wata ta ce "sakakkiyar manhaja", ma'anar ta yi kusa, amma kowa ya san inda kunnen Bahaushe zai fara zuwa in ya ji "sakakkiya".

Abin da na fi natsuwa da shi: 'yantacciyar manhaja, jam'i 'yantattun manhajoji. An yi mini ƙorafi cewa mai amfani ne ke samun 'yanci, ba manhajar ba. Gaskiya ne, sai dai muna cewa 'yantacciyar ƙasa alhali mutanenta muke nufi. "Manhajar kyauta" a bar wa wadda ake saukewa ba biya amma cikinta a kulle. "Open source" da aka raɗa a 1998 kuwa, buɗaɗɗiyar manhaja ta wadatar.

Saura "source code", wato abin da aka gina manhaja da shi. Ina ganin "lambar tushe" a wasu fassarori, amma ba lamba ba ce, rubutu ne. Ni "rubutun tushe" nake cewa. Malaman lissafi da masu rubuta manhaja, me kuke kiransa a aji?