An ƙara mana kuɗin haya, yaro na tari, mu tashi ko mu zauna?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekararmu shida a wani gidan haya a unguwar Kurna a Kano, ciki da falo, mu shida: ni, Abban yara da yara huɗu. Ɗakuna ne a jere, iyali takwas, banɗaki biyu, rijiya tun bara ta ƙafe, sai dai 'yan garuwa. Asali a gidan su Abban muka fara zama a cikin gari. Hajiyarsa ba ta da matsala wallahi, Allah ya saka mata da alheri, amma matan yayyensa ne ba a zama da su. Ranar sunan Ilham aka ce wai na ɓoye naman suna na kai gidanmu, alhali ƙanwata ce ta ɗauki kason da Hajiya ta ba ta da hannunta. Daga nan gaba ta shiga, wata huɗu ba mai amsa gaisuwata, ko igiyar shanya aka ce ba tawa ba ce. Ni na matsa masa muka fito, shi ya sa yanzu ba na son yin ƙorafi da yawa.

To mai gidan hayar ya aiko, daga dubu 220 ya mayar dubu 350, nan da wata biyu. Ga autana Abdul, shekararsa uku, tun shigowar damina yake tari, da dare ya fi tsanani. Bangon bayan gadonmu a jiƙe yake, ya yi baƙi-baƙi, fenti na zubowa. An nuna mana gida a Janguza, ɗaki uku da tsakar gida namu mu kaɗai, dubu 300. Amma Abban a Kantin Kwari yake tsaron shago. Ya zan yi?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita 'yar uwa. Ki dage da istihara.

Alhaji Na-Dawanau: Ƙanwata, duka biyun kuskure ne. Haya zuba ruwa ne a kwando. Ki lissafa abin da kuka ba mutumin nan a shekara shida, da yanzu kuna da fili. Ku koma gidan Hajiya shekara ɗaya ku haɗiye komai, dubu 350 ɗin ku haɗa da adashe ku kama filin awon igiya, ku ɗora ɗaki ɗaya ko ba fulasta ku shiga. Ni haka na yi, da buhu na rufe taga, yau ga ni da gida biyu.

Maman Ilham: Na gode Alhaji, amma komawa gidan can ba zai yiwu ba. Ɗakina ma an ba ƙanensa da ya yi aure.

Anti Nas: Maman Ilham, ki ajiye maganar haya tukuna. An kai Abdul asibiti? Tarin ya haura sati biyu? Yana zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama? Ƙirjinsa na yin ƙara kamar fito idan yana numfashi? Baƙin da kika gani a bango fumfuna ce, danshi ke kawo ta, kuma shaƙar ta na tayar da asma da tari ga yara, musamman a ɗakin da ake rufewa ruf da dare. Amma kar mu ɗora wa bango laifi kafin a duba, domin a gidan da mutane suka yi yawa tarin fuka na saurin yawo, ta iska ake ɗauka. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha kuma ana warkewa. Ki kai shi asibitin yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Zana. Sannan ki duba katin rigakafin yaran duka. Ba mu manta da mashaƙon 2023 ba, Kano ce ta fi kowace jiha shan wuya, kuma yaran da ba su kammala allura ba su suka fi kamuwa.

Maman Ilham: Anti muna ba shi magani daga kemis, yana lafawa. Kuma yarana suna da tsafta, kullum sai na goge ɗakin nan sau biyu.

Anti Nas: Ban ce ba ki da tsafta ba ƙanwata. Ruwan ta ƙarƙashin gini yake hawowa ko ta rufi, tsumma ba ya maganinsa. Kafin ku yanke shawara, ki janye gadon daga bangon, ki riƙa buɗe taga, ki daina kunna maganin sauro na igiya kuna ciki, gidan sauro ya fi. Gawayi ma a waje.

Uwar Marayu: Hmm, masu gidajen haya sai dai Allah. Ni nawa a Dorayi, masai ya cika tun azumi, da aka yi ruwan farko har tsakar gida ya malalo, yara biyu suka kwanta amai da gudawa. Na same shi ya ce mu 'yan haya mu haɗa kuɗin kwasa. Da shekara ta zagayo kuwa tun kafin wata ya mutu ya turo yaronsa. Na ce a cire abin da muka kashe, ya ce in ba zan iya ba akwai masu jira da kuɗi a hannu. Kuma gaskiyarsa, akwai su. Shekara tara ina biya ko ƙusa bai taɓa bugawa ba.

Baban Sadiq: Ni fa lissafi zan yi miki, don na taɓa yin wannan kuskuren. Janguza gaba da sabuwar jami'ar Bayero take a titin Gwarzo. Daga can zuwa Kwari mijinki sai ya hau abin hawa biyu, wani lokacin uku, ya bi ta Rijiyar Zaki da Kabuga. A ce ƙarin dubu ɗaya kacal zai riƙa kashewa kullum a kan abin da yake kashewa yanzu, kwana 26 a wata, a shekara ya haura dubu 300. Kin ga dubu 50 ɗin da kike ganin kun rage ta tafi, kun biya haya biyu. Ga la'adar dillali, ga motar kwasar kaya, ga sauya wa yara makaranta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, nisan gida ma haya ne, sai dai kullum ake biyansa a hannun mai adaidaita. Ni na koma Mariri don arha, wata takwas na dawo.

Alhaji Na-Dawanau: Shi ya sa na ce gini. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 aka sa hannu a 2024, hayar ciki da falo ta cinye albashin wata biyar, wannan rayuwa ce? Matasan yanzu ba sa son wahala ne kawai.

Baban Sadiq: Alhaji da girmanka, a wace shekara ka yi ginin? Nawa buhun siminti a lokacin? Kuma awon igiyar ai can bayan gari yake, kuɗin motar dai bai tafi ba. Ba lambatu, ba hanya, damina ta zo ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Wani ma a sayar wa mutum uku fili ɗaya.

Alhaji Na-Dawanau: Wanda ya tsaya tsoron sauro ba zai taɓa mallakar gida ba. Ni 'ya'ya goma sha ɗaya na raina, ba wanda bango ya sa wa tari.

Malama Ta Islamiyya: Ba wanda ya yi maganar Ilham. Shekararta nawa yanzu? Addini ya ce a raba wa yara makwanci idan sun kai goma. Ina ganin irin yaran nan a aji, suna gyangyaɗi, ka tambaya su ce babu wurin yin aikin gida, falon shi ne kicin shi ne ɗakin kwana. Ga bazara na tafe, mutum shida a ɗaki cikin zafin Afrilu, lokacin sanƙarau ke nan. Ni dai in ni ce, Janguza zan tafi ko da gari za mu riƙa sha.

Maman Ilham: Sha ɗaya take Malama. Tana falo da ƙanwarta, mazan suna ciki da mu, ba wai mun bar su haka ba ne. Janguzar ma ina so, amma a nan nake sayar da awara da ƙanƙara, yaran gidan da na maƙwabta su ne masu saye. Da shi nake biyan kuɗin Islamiyya. Can wa na sani? Gidajen a warwatse suke.

Maman Biyu: To shi Abban me ya ce? Tun ɗazu ba ki faɗa ba.

Maman Ilham: Ya ce duk abin da na zaɓa. Amma na san in aka samu matsala za a ce ni ce, kamar wancan karon.

Uwar Marayu: Haka suke. Nawa ma, Allah ya jiƙansa, haka yake cewa.

Baban Sadiq: Ku haɗu ku takwas ku samu mai gidan tare da mai unguwa, ku ce kun yarda da wani abu na ƙarin amma a gyara bango da rijiya, ko a raba biyan gida biyu. Mutum ɗaya ake kora, takwas sai an yi tunani.

Maman Ilham: Biyu daga cikinmu har sun biya. Ɗaya kuma ɗan uwan matarsa ne, duk abin da aka faɗa sai ya kai.

Alhaji Na-Dawanau: Kin gani ko? Ina da yaro mai harkar filaye, in kin shirya ki yi magana.

Anti Nas: Maman Ilham, har yanzu ba ki amsa mini ba. Sati nawa yaron yake tarin?

Maman Ilham: Zan duba Anti, ina jin tun kafin babbar sallah ne. Bari in je, an kawo wuta, zan sa ƙanƙara.