"Kalite": mece ce kalmarmu idan ana yabon rubutu?

1. Daren Lahadi a fadarmu, wato majalisar shayinmu, ta unguwar Zariya a Maradi, ana kan shayi na biyu, wani ƙanenmu da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya karanto mana wani bayani da abokinsa ya rubuta kan tsadar hatsi. Da ya ƙare sai ya ce, "Wannan rubutu akwai kalite." Kowa ya gane nufinsa. Amma da na ce ya faɗa mini da Hausa, sai ya yi shiru, mu ma muka yi shiru. Abin ya tsaya mini a rai har na kwana da shi.

2. Kalmar ta Faransanci ce, ta lakwal, wato makarantar boko, da kanti ta shigo mana, ta kuma zauna daram a bakin ƴan kasuwar Maradi. Mai atamfa zai ce maka kalite ce, mai takalmi ma haka. Ban ƙi aro ba, mota da lakwal duk aro ne. Sai dai tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, nauyi ya hau kanmu mu san abin da muke da shi a rumbu kafin mu miƙa ƙwarya gidan maƙwabta.

3. Ga abin da aka kawo a fadar: kyau, inganci, nagarta, ƙarko, armashi, gangariya. Kyau ya yi faɗi da yawa, doki na da kyau, amarya na da kyau. Ƙarko na abin da ke jure wahala ne, kamar tukunya ko igiya. Waɗannan biyu mun sallame su tun kafin a zuba shayi na uku.

4. Inganci shi ya fi samun magoya baya, kuma da hujjarsu. Shi ake ji a rediyo kullum: ingantaccen iri, ingantaccen magani, ilimi mai inganci. Wani mushe, wato malamin lakwal, da ke zama tare da mu ya dage a kansa. Sai malamin makarantar allon unguwarmu, da ya tsaya gaisawa, ya ce, "Mushe, ka tuna inda muke amfani da ita. In an ce hadisi ya inganta, ana nufin an bi waɗanda suka ruwaito shi ɗaya bayan ɗaya an tarar ba maƙaryaci, ba mai mantuwa a ciki. Inganci tabbaci ne."

Wannan magana ta buɗe mini ido. Idan na ce rubutu ya inganta, abin da nake shaida shi ne gaskiya ya faɗa. Wanda ya rubuto cewa hatsi ya tashi, ya faɗi kasuwar, ko ta Tibiri ko ta Gidan Rumji, ya faɗi ranar, ya faɗi kuɗin tiya, ya kuma bayyana ko da idonsa ya gani ko a bakin direba ya ji, to maganarsa ta inganta. Wanda ya ce kawai "an ce hatsi ya yi wuta" ji-ta-ji-ta ya kawo, ko da daga baya ta tabbata.

5. To amma na sha karanta abin da babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, na ƙare ban ƙaru da komai ba. Mutum ya tambayi maganin tsutsar da ke cin zangarniyar hatsinsa, a ba shi tarihin noma tun daga kakanni. Duk gaskiya ne, amma gonarsa na can tana lalacewa. Akwai kuma mai faɗin gaskiya da baƙar magana, har wanda ake yi wa gyara ya toshe kunne. Ƙanen nan namu da ya ce kalite, ya haɗa har da waɗannan: an amsa abin da aka tambaya, an yi shi a taƙaice, ba a ci mutuncin kowa ba. Inganci bai ɗauke su duka.

6. Washegari na bi ta wajen wani dattijo baduku da muka saba tun ina yaro. Na same shi da fatar jar akuya, irin tamu ta Maradi da sunanta ya kai har Turai saboda laushi da ƙarfin fatarta. Na ce, "Baba, in fata ta kai yadda kuke so, me kuke ce mata?" Bai ɗago ba ya ce, "Nagartacciya."

Na ce ya ake gane ta. Ya shimfiɗa ta a gwiwa ya ce, ɗana, da farko ka duba ko mai fiɗa ya huda ta da wuƙa. Sannan ka duba jima, ko bagaruwa ta ratsa ta ko an yi gaggawar tsamo ta. Sannan ka lanƙwasa, in ta tsage a lanƙwasar ba ta yi ba. Ya ce fata na iya zama ta jar akuya ta gaske, ba algus, amma majemi ya ɓata ta. Asalinta ya inganta, aikinta bai yi nagarta ba.

Na daɗe zaune a wurin. Abin da muka kwana muna ja-in-ja a kai, shi ya raba shi da hannu ɗaya yana riƙe da basilla.

7. Dalilin da ya sa nagarta ta kwanta mini ke nan. Tushenta ɗaya da nagari, kuma mun san wane ne mutum nagari: ba ya ƙarya, yana da amfani ga jama'a, bakinsa ba ya cutarwa. Kalmar ta taso daga hali ta sauka kan kaya, shi ya sa take iya riƙe gaskiyar rubutu da amfaninsa da ladabinsa a lokaci guda. Kuma tana juyuwa yadda ake so: nagartaccen rubutu, nagartacciyar amsa, wannan bayani ba shi da nagarta.

8. Mushe ya kawo ƙorafi mai ƙarfi, ba zan ɓoye shi ba. Ya ce nagarta ta yi kama da wa'azi, yaro zai ɗauka ana nufin rubutun da ke koyar da tarbiyya kaɗai. Na yarda akwai wannan haɗari. Amsata ita ce baduku bai yi wa fata wa'azi ba da ya kira ta nagartacciya, kuma manomi na cewa iri nagari. In muka riƙa faɗinta a kan rubutu, kunne zai saba.

9. Armashi kuwa kada a yar da shi, yana da gurbinsa. Shi ne gishirin da ke sa a karanta abu har ƙarshe, karin magana a inda ta dace, misalin da ke sa a yi murmushi. Sai dai soki-burutsu ma na iya yin armashi, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Gangariya kuma ta fi dacewa da yabo na baki, in abu ya burge ka ka ce wannan gangariya ne.

Wata kalma da ba a kawo a fada ba, innata ce ta ba ni ita tana sheƙar hatsi: tsaba. Rubutun da aka sheƙe, ƙaiƙayi ya tafi, sauran ƙwaya zalla. Ina ganin ita ce sunan wannan siffa ta rashin cika surutu, mu ce rubutu ya zama tsaba.

10. Inda na tsaya: kalite a rubutu ko a magana, nagarta. In ana nufin an bincika an tabbatar, inganci. Na mayar wa ƴan fada da wannan jiya, mutum biyar sun karɓa, Mushe ya ce a ba shi mako guda zai tambayo abokan aikinsa. Ƴan'uwa na Tasawa, Madarumfa da Dakwaro, da na ƙetaren iyaka a Jibiya da Katsina, ku gaya mini yadda tsofaffinku ke yabon magana in ta cika. In akwai wadda ta fi nagarta zama daidai, zan kai ta fada ranar Lahadi.