Yaya ake gane makarantar tauhidin da aka tantance da gaske?

Mai Neman Sani:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. Makarantun horar da fastoci sun yi yawa, kowace kuma tana cewa an amince da ita. Wa ke ba da amincewar, me yake dubawa, kuma ta yaya mai shirin shiga hidima zai tabbatar kafin ya biya kuɗin makaranta?

Tsohon Magatakarda:
Ɗan'uwa, amincewa iri uku ce, kuma samun ɗaya ba ya nufin an sami sauran. Akwai ta ikkilisiya, wato ɗarikar da za ta keɓe mutum ta ba shi aiki. Akwai ta majalisun tantance ilimin tauhidi. A Afirka babbar cikinsu ita ce ACTEA, wadda aka kafa a 1976 a ƙarƙashin ƙungiyar masu bishara ta Afirka, a Amurka da Kanada kuwa ATS ce ke duba seminari masu koyar da karatun gaba da digiri na farko. Sai ta gwamnati, wato ta hukumar kula da jami'o'i, kamar NUC a Nijeriya ko CUE a Kenya. Makarantar da ba jami'a ba kan sami wannan ne ta hanyar shiga ƙarƙashin wata jami'a, sunan jami'ar kuma shi zai fito a kan digirin.

Aikin majalisa yana cin shekaru. Makaranta za ta fara zama mamba, sannan 'yar takara, sannan ta rubuta dogon rahoto a kan kanta tana auna kanta da ƙa'idodin majalisa. Bayan haka tawagar malamai daga wasu makarantu za ta zo ta yi kwanaki. Za su buɗe fayil ɗin kowane malami, domin ana so takardarsa ta fi matakin da yake koyarwa. Za su shiga laburare, ba yawan littattafai kaɗai suke ƙirgawa ba, suna duba ko na zamani ne kuma ko ɗalibai na aronsu. Za su nemi rahoton mai binciken kuɗi na waje, da takardun jarrabawar da aka riga aka duba, su kuma zauna da ɗalibai ba tare da shugabanni ba. Cikin abubuwan da kan kayar da makaranta akwai dogaro da malaman wucin gadi, da ɗaukar ɗaliban da ba su cika sharuɗɗa ba don neman kuɗin shiga, da kuma rashin hukumar gudanarwa mai iya tsawata wa shugaba.

Malama Mai Koyar da Helenanci:
Baba Magatakarda ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara inda aka fi ruɗar mutane. Zama mamba ba tantancewa ba ce. Kuma kwas ake tantancewa a matakinsa: makaranta na iya samun amincewa a difloma da digiri na farko, ta buɗe digiri na biyu ba wanda ya duba shi. Amincewar ma tana da wa'adi, a ATS ba ta wuce shekara 10 sai an sake zuwa. Don haka kada ka tsaya a kan takardar da ke rataye a ofis. Shiga shafin majalisar a intanet ka nemi sunan makarantar da sunan kwas ɗinka. In sun ce suna ƙarƙashin jami'a, rubuta wa magatakardar jami'ar ka tambaya.

Dubi manhaja kuma. Digirin hidima na MDiv a tsarin ATS ba ya kasa kiredit 72 (ma'aunin nauyin darussa), kusan shekara uku ke nan ga cikakken ɗalibi. A Katolika dokar ikkilisiya ta sa wa mai shirin zama firist shekara shida a ƙalla, biyu na falsafa, huɗu na tauhidi. Wanda ya yi maka alkawarin dakta cikin wata shida, ba Ibraniyanci, ba Helenanci, ba aikin gwaji a ƙarƙashin gogaggen fasto, takarda kawai yake sayarwa.

Dattijon Majalisa:
Ɗana, kafin ka sayi fom, je wurin sakataren ɗarikarku ka karɓi jerin makarantun da suke karɓa, a rubuce. Makaranta ba ta naɗa fasto, ikkilisiya ce ke yi, kuma ɗariku da yawa sukan sa wanda ya yi karatu a waje ya ƙara wani kwas a kan koyarwarsu da tsarin mulkinsu kafin su ba shi garke.