Masu kiwon Sebright, ya kuke yi da ƙwansu?

Salam 'yan uwa masu kiwo. Wata bakwai kenan da na sayi ƙananan kajin nan da ake kira Sebright guda uku, zakara ɗaya kaji biyu, masu ruwan gwal ɗin nan da kowane gashi an zagaye bakinsa da baƙi kamar an bi shi da alƙalami. Suna yin ƙwai amma ba wadda ta taɓa kwanci, na tara guda 11 na kai injin ƙyanƙyasa, biyu kacal suka fito sauran duk baragurbi. Don Allah wanda ya taɓa kiwonsu ya faɗa min yadda ya yi, abin ya dame ni.

Daga Zariya:
Ɗan uwa haka suke, kar ka ga laifin injin. Ba su cika kwanci ba, kuma ƙwan da yawa ba ɗa a ciki. Ni kazar Hausa nake sakawa, idan ta fara kwanci sai in kwashe nata da daddare in zuba mata nasu guda shida ko bakwai, ita ke ƙyanƙyashewa ta riƙe su, kuma ba ruwanta da an ɗauke wuta.

Daga Maraɗi:
Ai tun asali ba don ƙwai aka yi su ba malam. Wani Bature ne a Ingila, Sir John Sebright, ya yi shekaru yana haɗa iri a farkon shekarun 1800 har ya fitar da su don ado kawai, ba su da babban iri, haka suke 'yan firit, zakaran ma da kyar ya wuce giram 600. Tawa mai ruwan azurfa in ta ba ni ƙwai biyu a sati na gode Allah.

Daga Kano:
Ni ciwona ba ƙyanƙyasa ba ne, bayan sun fito ne. 'Yan tsaki biyar na samu bara, sun kai wata biyu da rabi zanen gashin ya fara fitowa gwanin sha'awa, sai na tashi da safe na ga ɗaya a kwance ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, tana so ta kai ga ruwa ta kasa, wallahi har yau ina tuna yadda take kallona. Cikin sati uku na rasa huɗu. Likitan dabbobi ya ce cutar Marek ce, irin nan ba sa jure mata, kuma rigakafin ranar da suka fito ake yi, in an makara shikenan.

Daga Jos:
Ka duba zakaran ma. Nasu ba shi da dogon gashin jela mai lanƙwasa, shigar kaza gare shi sak, kuma wani yana nan dai ga cara amma ba ya aiki. Da na canza zakara ƙyanƙyasar ta ƙaru. Sannan ka rufe saman kejin da raga, suna tashi kamar tantabara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Akwai wata kazar gida da ta fara kwanci shekaranjiya, yau da daddare zan zuba mata shida. Yaya na Kano, a ina ake samun allurar Marek ɗin ta 'yan tsaki kaɗan haka?