Da Lola Ribar bai mutu a 1943 ba fa? Ku amsa da baiti

Na Fagge:
Salam jama'a, yau jigon namu daga Yugoslabiya ya fito, kuma dan Allah duk mai amsawa ya amsa da waƙa banda dogon turanci. Ivo Lola Ribar nake nufi, shugaban matasan kwaminis a rundunar Tito (wanda daga baya ya shugabanci ƙasar) lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda jirgin Jamus ya kashe a filin Glamoc ran 27 ga Nuwamba 1943 yana shirin tashi zuwa Alƙahira wajen sojojin ƙawance. Bismillah:

Ashirin da bakwai ne shekarunsa a duniya,
Samarin dawa duk shi suke wa biyayya.
Jirgi na fili ana ta haramar tafiya,
Bom ya sauko kafin a ɗaga, ya tare hanya.
Da ya ga tsufan Tito, ku faɗa mini gaskiya,
Wa zai gaji kujerar in ba shi ba a Yugoslabiya?

'Yar Damagaram:
Kai Yaya ka cika sauri wallahi, gadon Tito wasa ne? karɓi naka:

Djilas na hannun daman Tito ne, a 1954 aka tuɓe shi,
Don ya yi rubutu kan manya, kurkuku ta karɓe shi.
Rankovic mai 'yan sandan ciki, kowa na tsoron shi,
A 1966 a taron jam'iyya na Brioni zama guda aka kayar da shi.
Lola ɗan boko ne mai baki, lauya aka horar da shi,
Da ya rayu Yaya, a layin Djilas za a jera shi.

Malam na Tudun Wada:
'Ya'yana ku bi a hankali, ku duka biyu kun tsallake shekarar da ta fi kowacce zafi.

Stalin na Sobiyet ya kori su Tito daga ƙawancen kwaminis, 1948 ta raba su,
Waɗanda suka sha wuya tare a dutse, zargi ya shiga tsakaninsu.
Goli Otok tsibirin duwatsu, can aka kai dubbansu,
Ba inuwa ba ruwan kirki, fasa dutse ne aikinsu.
Sababbin zuwa su bi ta layi, tsofaffin fursuna na dukan su,
Cikinsu har da 'yan gwagwarmaya, jiya-jiya ake yabon su.
To Lola zai sa hannu a takardar ne, ko zai tsaya musu?

Na Fagge:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, tambayar ta yi nauyi zan dawo kanta, amma bari in fara sallamar ƙanwata tukuna dan naga tana ji da kanta yau.

Tito ya cika a 1980, ba kowa a kan kujera,
Kardelj na kusa da shi ya riga shi kwanta dama, babu babban da ya saura.
Sai karɓa-karɓa aka koma, kowa ya riƙe shekara.
Lola da 64 gare shi lokacin, ga ƙwarewa ga basira,
Zagreb ta haife shi, Belgrade ta san shi tun cikin yara,
Sabiyawa da Kuroshiyawa da sun saurare shi an gyara.

'Yar Damagaram:
Hhh ni za a sallama? ai ban tafi ko'ina ba Yaya.

Basira ba ta biyan bashin da ƙasa ba ta biya ba,
Dinarinsu ya faɗi a 1989, albashi bai kai wata ba.
Milosevic na Sabiya da Tudjman na Kuroshiya ba don rashin Lola suka taso ba,
Tsarin mulkin 1974 bai bar wa tsakiya ƙarfi ba.
Sunansa na kan tituna da makarantu don bai kai ga mulki ba,
Da ya riƙe hatimi ko sau ɗaya, ba haka za ka yabe shi ba.

Malam na Tudun Wada:
Baitin ƙarshen nan ya zauna 'yata, Allah ya yi albarka. Ni dai abin da ke tsaya min a rai gidan su Lola ne, ƙanensa Jurica mai zane an kashe shi a Montenegro a watan Oktoba na 1943, sannan kwana biyu kacal bayan mutuwar Lola aka yi babban taron 'yan gwagwarmaya a garin Jajce ran 29 ga Nuwamba inda aka aza harsashin sabuwar ƙasar, kuma mahaifinsu Ivan Ribar ne shugaban majalisar, mutum ya rasa 'ya'ya biyu cikin wata biyu yana zaune a gaban taro, uwarsu ma ba ta ga ƙarshen yaƙin ba an kashe ta a 1944.

Na Fagge kar ka zille, batun tsibirin nan har yanzu ba ka amsa min ba, kuma da amsa-amon "su" nake so, baiti bakwai kamar nawa.