An aske kulas ɗin 504, yanzu tana ƙara a hawa: in haɗa gasket biyu?

Mai_Akori_Garwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana tsofaffin injuna. Ina da Peugeot 504 a-kori-kura, mai fetur, injin lita 2, haɗin Kaduna. Da ita nake ɗaukar albasa da masara tsakanin Garwa da Pitowa, wani lokaci har Ngaundare. Cikin zafin watan Afrilu tiyon ruwa ya fashe, injin ya tafasa, kulas, wato kan injin da ke rufe silinda, ya ɗan lanƙwashe. Muka kai aka aske fuskarsa, mai askin ya ce ya ga alamar da ma an taɓa aske shi kafin motar ta zo hannuna.

An sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da gangar jikin injin (bulo), mota ta tashi lafiya. Amma abu biyu na damuna. In na ɗauki kaya na kama hawa, injin na ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi cikin gwangwani, musamman in na sha zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya. Sannan da safe in na buɗe lagireto injin na aiki, ina ganin ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, ruwa kuma na raguwa. Bakanikena ya ce gasket ɗin yanzu sun yi siriri, a haɗa biyu a ɗaure. Zuciyata ba ta kwanta ba. Motar nan ita ce abincin gidana. Me kuka gani?

Usta_Domayo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yarda a haɗa biyu. Gasket ɗaya fuska biyu gare shi, ɗaya na kama kulas, ɗaya na kama bulo. In ka haɗa biyu ka ƙara wata fuska a tsakiya wadda ba ƙarfen da ke riƙe ta, zoben wuta (zoben ƙarfen da ke kewaye bakin silinda a jikin gasket) na kan zoben wuta, suna zamewa. Za ta yi maka 'yan kwanaki, ranar da ka kama hawan dutsen Ngaundare da kaya a nan za ta busa.

Matsalarka biyu ce, kuma ba lalle tushensu ɗaya ba.

Ƙarar dai daga askin take. Faɗin silindar injinka milimita 88 ne. Duk rabin milimita da aka cire tsakanin kulas da fistin, ɗakin wuta ya ragu da kusan cc 3. Ɗakin nan gaba ɗayansa cc 60 da 'yan kai ne, ka ga ba ƙaramin abu ba ne. Matsi ya hau, fetur mai rauni sai ya kama wuta da kansa kafin lokacinsa, shi ne ƙarar da kake ji, kuma in aka bar ta tana cin kan fistin. Maganinta gasket ɗaya mai kauri da aka yi musamman don kulas da aka aske, sannan a ɗan ja lokacin wuta baya a distirbuta. In askin ya wuce iyaka, a nemi wani kulas ɗin kawai.

Kumfar ce ta fi tsaya mini a rai. Injin nan silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, cirewa ake yi, a cikin ruwa yake zaune, ba a jikin bulo aka huda silinda ba. Dole bakin kowane silif ya ɗan ɗara fuskar bulo, abin da bai fi kaurin takarda ba. Wannan ɗan tudun shi ke danne zoben gasket in an ɗaure. A gindin silif akwai siraran zobba da yake zaune a kai, suna zuwa kauri daban-daban, da su ake daidaita tsayin. In silif ɗaya ya nutse, ko kulas sabo fil ka sa, wuta za ta bi ta wurin ta shiga ruwa. Ka tambayi bakanikenka: da kulas ke a cire, an juya injin? Mu in mun cire kulas, kafin a taɓa karanshaf sai mun danne silif da washa da ƙusa. In aka juya ba a danne ba, fistin na tura silif sama, datti ya faɗa ƙarƙashinsa, zaman ya lalace. A sake buɗewa, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan silif huɗun, a zura fila, wato siririn ƙarfen awon tazara, a auna kowanne ta ɓangarori. Ido ba ya ganin wannan.

Direban_Kusiri:

Usta ya gama magana. Ni abin da zan ƙara don masu dizal ne, don na ga ana cuɗa su. A Injamena mu Hilux muka fi ja, injin 2L da 3L. A waɗannan ba askin kulas ke zaɓar maka gasket ba, tsayin da fistin ke leƙowa sama da bulo ne. Ana aunawa, sannan a zaɓi mai alamar B, D ko F, tsakanin kowanne da na gaba kashi ɗaya cikin goma na milimita. In ka sa siriri inda ake son mai kauri, fistin na iya taɓa bawul. In ka sa mai kauri ba dalili, da sanyin Janairu sai ka yi ta murza makulli tana fitar da farin hayaƙi. Masu cewa a sa F kawai a huta, ba su auna ba ne.

Mai_Kayan_Gyara:

Alhaji, kafin ka ɗora wa kauri laifi, duba ko gasket ɗin na injinka ne ma. 504 mai fetur ba iri ɗaya ba ce: akwai mai cc 1796, faɗin silindarta milimita 84, akwai taka mai cc 1971, milimita 88. A cikin leda kusan kamarsu ɗaya, mai shago ma in bai kula ba sai ya miƙo maka wanda ya samu. In aka sa na 84 a injin 88, zoben na leƙawa cikin silinda, ya yi jawur, shi kansa yana kawo irin ƙarar nan kafin ya ƙone. Ka ɗora shi a kan bulo a bushe, ka bi ramukan ruwa ɗaya-ɗaya, ka tabbata ba wanda ya toshe. Kuma don Allah a daina shafe shi da gam, yana matsewa ya shiga hanyar ruwa.

Usta_Domayo:

Haka ne. Na manta ban faɗi ɗauri ba. A wanke ramukan ƙusa, in akwai ruwa ko mai a ciki ƙusa za ta yi tauri alhali ba ta danne komai ba. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai awo, ba da bututu a hannun sifana ba. Irin gasket na zamanin da, in mota ta ɗan yi tafiya ana sake bin ƙusoshin injin na sanyi, sannan a sake saita bawul, tunda aski ya sauko da kulas. Ruwan rijiya kuma ka rage zuba mata, kulas ɗin alminiyum ne, yana cinye bakin ramukan ruwa.

Mai_Akori_Garwa:

Allah ya saka da alheri, Baba Usta, da ku duka. Na tambayi bakaniken, ya ce sun juya injin don su kankare baƙin kan fistin, kuma ba su danne silif ba. Na ajiye motar. Gobe in Allah ya kai mu za a buɗe, zan tsaya a wurin a auna silif ɗin a gabana, in kuma gwada faɗin zoben gasket ɗin da aka cire. Baba, in silif ɗaya ne kawai ya nutse, shi kaɗai za a canja wa zoben gindi ko duka huɗun?

Usta_Domayo:

Duka huɗun. Tunda an juya, ba ka san wanda ya motsa ba. A cire su, a sa wa kowanne alama don ya koma gurbinsa da fistinsa, a goge mazauninsu tas, a sa sababbin zobba, a auna kafin a ɗora gasket. Ka turo mini abin da awon ya nuna.