Kafireto biyu sun ƙi jituwa a Marsandi 280S, ina neman shawara

Assalamu alaikum, iyayen gidana masu sana'ar kanikanci. Marsandin marigayi Baba ce, 280S ƙirar 1970, mai silinda shida da kafireto biyu Zenith 35/40 INAT. Shekaru tana jibge ƙarƙashin darbejiya a gidanmu na Ƙofar Ƙaura, har kaji sun mai da ita akurki.

Na kwance kafireton duka biyu, na wanke da fetur, na busa jet-jet (ƙananan ramukan da fetur ke bi), na sa sababbin gaskit. Tana tashi bugu ɗaya, amma silo (gudun injin idan ba a taka totur ba) ya ƙi zama, jikinta na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da na zare fulogi, ukun gaba baƙi ƙirin da toka, ukun baya fari fat. Wani bakanike ya ce in cire kafireton biyu in ɗora guda ɗaya in huta. Raina bai kwanta ba, yadda Baba ya bar ta nake so.

To daga ina zan fara, tsayin fulot (abin da ke iyo a cikin kafireto yana daidaita yawan fetur) ko sandar da ke haɗa kafireton biyu? Ko iska ce ke shiga ta gindin kafireton baya? Kuma ko in fara auna ƙarfin matsin silinda kafin in zuba kuɗi a buɗe injin? Wanda ya taɓa daidaita irinsu a Katsina, don Allah ya taimaka.